Jan Kafso Da Kwalbar Kemis

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a gidan suna da gidan biki, da kan bencin asibiti ranar awo, wato shin ya kamata a riƙa ba yara maganin bitamin, ko kuwa abinci kaɗai ya ishe su? Da zarar yaro ya ɗan rame, ko ya fara ture kwanon tuwo, sai ki ji shawara ta ko'ina. Wannan ta ce a sayo masa mai ƙarin jini, waccan ta ce a'a, mai sa cin abinci ya fi, wata kuma ta kawo sunan wani da ta ce ɗan maƙwabciyarta ya sha ya yi ɓul-ɓul cikin sati biyu. Kafin la'asar an aika kemis.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a garuruwanmu na ƙasar Daura, tun daga Babban Mutum da Baure har Zango da Mai'aduwa, akwai bitamin guda da ake rabawa kyauta a makon lafiyar mata da yara, ɗan jan kafson nan da malamar asibiti ke yanke wa baki ta matse wa yaro a harshe. Shi ne fa wasunmu ke tura 'ya'ya ƙuryar ɗaki saboda shi, a ce wa masu rabo babu yara a gidan. Amma kwalbar da ba mu san wanda ya haɗa ta ba, ita muke kwance bakin zane mu biya. To ni a ganina kafin a yi gardama gara a ji tarihin kowannensu, domin mai neman aure ma sai an binciki asalinsa kafin a ba shi 'ya.

Kakanninmu sun san yunwa, har sunaye suka sa mata. Akwai Kakalaba ta 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942, ga farin 1973 da na 1984 waɗanda har yanzu akwai masu ba da labarinsu da bakinsu. Wannan yunwar ciki ce, kowa na ganinta. Amma akwai wata irin rashi da rumbu na cike take kama yaro, ciki ya ƙoshi amma jiki na bin bashi. Ita ma sun san alamunta ko da ba su san dalili ba. Sun san dundumi, yaro yana gani garau da rana, da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango yana tuntuɓe da turmi. Sun san maƙoƙo. Sun san yaron da ƙyanda ta kama ya tashi da fari a ido, daga nan sai sanda da ɗan jagora. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun rubuta a takardunsu cewa hanta ce maganin mai dundumi, kuma gaskiyarsu, sai dai an yi dubban shekaru kafin a gano abin da ke cikin hantar.

Farkon gano shi kuwa daga kaji aka fara, kada ki yi dariya. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Eijkman yana aiki a tsibirin Jaba, a ƙasar da yau ake kira Indonisiya, sai ya lura kajin da ake ba ragowar farar shinkafar asibiti ƙafafunsu na shanyewa, irin yadda wata cuta mai suna beriberi ke yi wa mutane a can. Da aka koma ba su shinkafar da ba a cire wa dusa ba, sai suka miƙe. Ashe akwai wani abu ɗan kaɗan a cikin dusar wanda jiki ba ya iya yi da kansa, kuma ba ya rayuwa in babu shi. Duk matar da ta taɓa surfe ta san inda zancen nan ya dosa: gero ya yi fari tas, tuwo ya yi kyan gani, dusa kuwa a kai wa akuya, ita ta yi ƙiba. A 1912 wani masani ɗan Folan mai suna Funk ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa sunan da muke cewa bitamin. A 1913 masana a Amurka suka gano wani a cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai, shi ne daga baya aka kira bitamin A, kuma shi ne na cikin hantar can ta Masarawa. Ko a nan Arewa, tun 1929 wani likitan Turawa mai suna McCulloch ya wallafa bincike a kan abincin Hausawa da Fulanin gari. Kin ga ke nan maganar ba yau aka fara ta ba.

A daidai wannan shekara ta 1929 wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, ta sauka a ƙasar Gana, lokacin tana hannun Ingila. A asibitin yara na Akara ta riƙa ganin wasu yara, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata na saɓulewa, ba su da walwala, kuma yawanci mutuwa suke yi. Sai ta yi abin da manyan likitoci maza ba su yi ba, ta tambayi matan wurin me suke kiran cutar. Suka ce kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Ta rubuta bayaninta a 1933, a 1935 kuma ta fito da wannan suna ga duniya. Mu nan ai ba sai an fassara mana ba, mun san kwanika, mun san yaye na rana ɗaya, a ɗauki yaro a kai wa kaka, jiya yana kan nono yau sai koko tsararo safe da yamma. Tsofaffi kan ce nonon mai ciki ne ya ɓata yaron. Abin da likitar nan ta gani shi ne rashin nonon ne ya kayar da shi, da rashin abin da zai maye gurbinsa. Da madara ta riƙa ceto waɗanda aka kawo da wuri.

Yanzu bari mu zo kan jan kafso, domin nan ne zancen ya fi nauyi. A ƙarshen shekarun 1970 wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya je Indonisiya don binciken makantar yara. Ido kawai ya je dubawa. Amma da ya zauna yana bin sunayen yaran da ake dubawa duk bayan wata uku, sai ya ga wani abu da ya tayar masa da hankali: yaran da ke da ɗan dundumi, ko ɗan busasshen tabo a farin ido, su ne ake komawa a tarar sun rasu, fiye da sauran nesa ba kusa ba. Wato dundumi ba ciwon ido kaɗai ba ne, alama ce cewa garkuwar jikin yaron ta yi rauni, gudawa ko ƙyanda na zuwa sai ta tafi da shi. Don ya tabbatar, aka ɗauki ƙauyuka 450 a lardin Ace, rabi aka ba yaransu kafso sau biyu a shekara, rabi ba a ba su ba sai daga baya. Da sakamako ya fito a 1986, mutuwar yara a ƙauyukan da aka ba kafso ta ragu da kashi 34 cikin ɗari.

Likitoci da yawa suka ce ƙarya ne, ina aka taɓa ganin abu mai arha haka ya yi wannan aiki. Sai aka sake gwadawa a wasu ƙasashe. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Nabrongo a arewacin Gana, ƙasar gero da dawa da dogon rani kamar tamu, inda aka bi yara fiye da dubu 21, aka wallafa a 1993 cewa mutuwa ta ragu da kashi 19 cikin ɗari. Ba zan ɓoye miki ba, a 2013 an fito da sakamakon wani babban gwaji a Indiya, na yara kusan miliyan guda, wanda ya nuna amfanin bai kai haka ba, kuma har yau masana na ja-in-ja a kan yawan rayukan da kafson ke ceta. Amma da aka tattara gwaje-gwajen duka aka auna, an tarar yana rage mutuwa, yana kuma kare ido, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan a ci gaba da ba da shi a ƙasashen da rashin ya yi yawa, tamu na ciki.

Mai yiwuwa ki ce, wane irin magani ne ɗigo kaɗan zai yi wata shida yana aiki? Dalili shi ne bitamin A ba ya fita da fitsari kamar wasu, hanta ce ke ajiye shi kamar yadda ake zuba hatsi a rumbu, jiki na ɗiba kaɗan-kaɗan. Shuɗin kafso na jariri ne daga wata 6 zuwa 11, ja kuma, wanda ya ninka shi ƙarfi, na ɗan shekara 1 zuwa 5 ne. Wannan ajiyar kuma ita ce dalilin da ya sa ba a maimaita shi barkatai. In an ba yaro yau a asibiti, kada gobe ki sake miƙa shi ga masu bi gida-gida don kin ga kyauta ne, domin in ya yi yawa yana sa amai da ciwon kai, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura. A sa a rubuta a kati, ki adana katin. Wani wurin da likita ke ba da shi kwana biyu a jere shi ne in ƙyanda ta kama yaro, saboda ƙyanda na cinye ajiyar nan cikin 'yan kwanaki, daga nan ne ido ke tafiya. Uwar da ta kulle mai ƙyanda a ɗaki tana shafa masa abubuwa a ido, wannan kafson ne ta hana shi.

Ban ce masu gudun kayan kyauta ba su da hujja ko kaɗan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta samu hanya ta bazu har wasu ƙasashe. Da yake a shekarun nan tare da ɗigon shan inna ake raba kafson bitamin A, sai zargi ya shafe shi, laifin wani ya hau kan wani. Amma a duba bambanci. Trovan sabon abu ne da ake gwadawa. Shi kuwa kafso an gama gwada shi a bainar jama'a shekaru da dama, an yi gardama a kansa a fili, kuma abin da ke cikinsa shi ne wanda ke cikin hantar ragon layya.

Akwai ma wanda kike ba yaranki kullum ba ki sani ba. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci, shi ya sa 'yan matan yanzu da wuya su ga maƙoƙo irin wanda iyayenmu suka saba gani. Rashin aidin ba wuya kaɗai yake kumburawa ba, yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Gishirin Bilma da ayarin raƙuma suka daɗe suna kawowa, da manda, suna da nasu amfani, amma babu wanda ya sa musu aidin, don haka na leda ya fi dacewa da tukunya, a kuma rufe shi, domin in an bar shi a buɗe a rana ƙarfinsa na raguwa. A 2002, zamanin Dora Akunyili a hukumar NAFDAC, aka wajabta sa bitamin A a sukari da fulawa da man girki na kamfani, shi ne hoton idon da kike gani a jikin leda. Man gyaɗar da muke matsewa a gida mai kyau ne, amma ba shi da wannan. Manja kuwa Allah Ya sa masa nasa, jan nan shi ne, matuƙar ba a soya shi har ya yi fari ba.

Sai kuma abincin tamowa, wanda tarihinsa a ƙofar gidanmu aka yi shi. Da can yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi asibiti ana dama masa madara ta musamman, uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya ta yi makonni tana jinya, gadaje kuma ba su isa ba. A 1996 wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da wani mai kamfanin abinci, Michel Lescanne, suka haɗa wani abu kamar tunkuza mai laushi: gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da bitamin da sauran sinadarai, a cikin 'yar leda mai nauyin giram 92. Suka sa masa suna Plumpy'Nut. Hikimarsa ita ce ba a dama shi da ruwa, don haka ƙazantar ruwa ba ta shiga, ba ya lalacewa da wuri, uwa na iya ba ɗanta a gida.

Duniya ba ta san ƙarfinsa ba sai a 2005. Fari da fara sun ɓata daminar 2004 a Nijar, hatsi ya yi tsada, yara suka riƙa zubewa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda gidajen rediyo ke kira Na-gari Na-kowa, ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a gidajen iyayensu da wannan leda, kuma tara cikin goma suka warke. Ba a taɓa yin irin haka ba a tarihi. Mutanen Babban Mutum ba su buƙatar a ba su labari daga nesa, domin hanyar da ta ratsa garin ita ce ke shiga Magarya, inda ƙungiyar ta fara aiki a wannan shekara, kuma iyaka ba ta taɓa raba dangi da auratayya tsakanin nan da can ba. A Nijeriya an fara irin wannan tsari na jinya a gida a 2009, aka zo da ɗan tsirin awon damtse mai launi uku, kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, ƙasa da santimita 11 da rabi, a garzaya asibiti.

Wani abin tunani, gyaɗar nan fa tamu ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano kafin yaƙin duniya na farko aka riƙa tara ta dala-dala ana kai wa Turawa, sai ga shi ta dawo mana cikin leda mai ƙyalli a matsayin magani, alhali ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa a hannunmu suke.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ledar nan ana ganinta a faranti a kasuwa da bakin tasha. Ana karɓo ta da sunan yaro ɗaya a raba wa biyar, ko maigida ya shafa a burodi, ko amarya ta sha don ta yi jiki. Na san talauci ne ke sa wasu, uwa ta sayar da biyu ta sayo mudun gero don sauran su ci, kuma Allah Ya ga zuciyarta. Sai dai an ƙidaya ta ne daidai nauyin mai ciwon, duk wadda aka cire a cikin lissafin, daga jikinsa aka cire. Kuma kada a ɗauka rijiyar ba ta ƙafewa. A 2025 manyan ƙasashe masu ba da tallafi, Amurka a gaba, suka rage kuɗin agaji, a watan Yuli na shekarar kuma MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida kacal. Waɗanda aka kai asibiti ke nan, ban da waɗanda aka binne a ƙauye babu wanda ya rubuta.

Yanzu a juyo ga kwalbar kemis, a tambaye ta nata tarihin. A wane ƙauye aka gwada ta? Yara nawa ta ceta? Galibin ruwan bitamin mai zaƙi da ake sayarwa ba zai cutar ba in na gaskiya ne, amma ga yaron da ke cin abinci iri-iri ba ya ƙara masa komai, yawancinsa fitsari zai bi. Ga mai tamowa kuwa bai isa ba, domin bitamin ba ya gina tsoka, kamar gishiri ne a miya, ba ya zama tuwo. Babban haɗarinsa shi ne ɓata lokaci. Yaron da ya daina cin abinci sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko ciwon kunne, ko tarin fuka, ko sikila. Sati biyun da za a yi ana jiran kwalba ta yi aiki, su ne sati biyun da cutar ke samun wurin zama.

Wasu kwalaben kuma ba bitamin ba ne ma. Mai sa cin abincin nan da ake yabo, yawanci maganin ƙaiƙayi da mura ne wanda ke sa yunwa da barci, shi ya sa yaro ke wuni yana gyangyaɗi a ce ya samu lafiya. Mafi muni shi ne ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke sha kafin biki, har a kai ga ɗan gutsura wa yara. Kumatun da suke kawowa ba ƙiba ba ce, kumburi ne, suna karya garkuwar jiki, suna tsayar da girman yaro. Game da abin da ka iya shiga kwalba ba a sani ba, tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi har sau biyu. A 1990 yara fiye da ɗari suka rasu a Jos da Ibadan saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 irin wannan guba ta shiga maganin haƙori mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu, har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya. Ba bitamin ba ne su biyun, amma a kanta ɗaya ake jera su, kuma da niyya ɗaya uwa ke saye, wato son ɗanta.

Ko mai ƙarin jini na gaskiya yana da sharaɗi. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi yawa kamar nan da damina, an ba dubban yara sinadarin ƙarfe na ƙarin jini kowa da kowa, sai aka dakatar da gwajin tun bai ƙare ba, domin an ga waɗanda ke sha sun fi kwanciya asibiti. An wallafa wannan a 2006. Yaran da jininsu ya yi ƙasa da gaske sun amfana, waɗanda ba su buƙata su ne suka cutu, saboda ƙwayoyin cuta ma suna son ƙarfen. Don haka in kin ga tafin hannun yaro da cikin fatar idonsa sun yi fari, a auna jini, a duba zazzaɓi, a ba da maganin tsutsa, sannan a ba shi na ƙarin jini da awo, yana kwana cikin gidan sauro. Jajayen ƙwayoyin da ake ba ki ranar awon ciki kuwa, ki sha abinki, amma ki ɗaga su sama, domin yaro na ɗaukarsu alewa, kuma in ya haɗiyi da yawa suna kisa.

Wani misali daga Jos ya nuna yadda cinke ke kai mutum ga kuskure. Yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa, wasu gwame wasu kamar baka, littattafan likitoci na Turai sun ce rashin bitamin D ne, wanda jiki ke samu daga hasken rana. To ina rashin rana a ƙasarmu? Wani likita mai suna Thacher da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jos suka raba yara 123 gida uku, a 1999 suka wallafa cewa waɗanda aka ba kalsiyam, sinadarin ƙashi, su ne suka fi warkewa, ba waɗanda aka ba bitamin D kaɗai ba. Daga baya ma suka nuna garin busasshen kifi da aka daka da ƙayarsa yana yin aikin. Da uwa ta je kemis da kanta, da kwalbar da ba ita ba za a miƙo mata. Kalsiyam ɗin nan kuwa yana cikin nono, da riɗi, da kukar da muke rainawa muna ce mata miyar talaka.

Saboda haka in an tambaye ni, amsata ita ce e, akwai abin da ya kamata a ba yara, amma ba su da yawa kuma an san sunayensu: kafson bitamin A duk wata shida daga wata 6 zuwa shekara 5, gishiri mai aidin, ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari duk lokacin da gudawa ta zo, abincin tamowa ga wanda tsiri ya nuna, da abin da likita ya rubuta bayan ya duba. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, balle dauri. Dakashin farko da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, rawayar nan tasa bitamin A ce da garkuwa. Shekara biyun shayarwa kuma ba likita ne ya fara faɗa ba, tana cikin Suratul Baƙara.

Saura duk aikin tukunya ne, kuma a nan ne nake ganin mun fi sakaci, ba don babu ba, sai don tsarin rabo. Zogale na bayan ɗaki, ga rama da alayyahu da tafasa, ga kabewa da gwanda da mangwaro, duk abin da ya yi kore shar ko ja-ja yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki, don haka kwaɗon da babu ƙuli ko ɗigon mai an rage masa amfani. Ganyen da za a shanya a shanya shi a inuwa, rana na ƙone ƙarfinsa. Kokon ɗan yaye a yi shi da kauri, a zuba garin gyaɗa ko na waken suya, ba tsararon da zai cika ciki ya fita da fitsari ba. Shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci, yana hana jiki jan sinadarin jini. Ɗan shekara biyu da aka haɗa kwano ɗaya da yayyensa huɗu, kafin ya kai loma biyu an suɗe, a ba shi nasa kwanon a zauna kusa da shi.

Hanta kuwa, kowa ya san inda take zuwa. Ranar layya ita ake fara gasawa a kai zaure, ranar kasuwa in an yo tsire na manya ne, yaro sai romo. Alhali ɗan yanki kamar babban yatsa, sau ɗaya a mako, a dafa a murmushe a cikin abincinsa, ya ƙunshi bitamin A da sinadarin jini tare. Ƙwai ma an ɗora masa camfi, wai yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata, kamar ba mu taɓa ganin ɓarawon da ya tashi da koko zalla ba. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, layin tamowa ya fi tsawo a asibiti, daidai lokacin ne zabi ke zuba ƙwai a duk faɗin ƙasar Daura. Sai a dafa a jera a tire da ɗan yaji a ƙulle, a ɗora wa yarinya ta kai tasha ta sayar wa matafiya, ƙanenta na goye a bayanta, gashinsa ya fara ja.